Binciken kasuwanci takardar tambayoyi ce kaɗai? Muhawara a zauren ɗaliban Zango na Kumasi

Rabi Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri, maganar da ɗan tsawo. Ina ajin ƙarshe a karatun kasuwanci, muna kan kundin kammalawa. Babana maigida ne, wato mai saukar fatake da tsaya musu lamuni, a kasuwar albasa ta Kwadaso a nan Kumasi. Tun ina yarinya nake ganin manyan motoci na isowa daga Galmi ta Nijar, a sauke buhuna, mata su kwashe ba su ajiye ko sisi ba, sai sun sayar su kawo kuɗin. Ba takarda, ba sa hannu. Abin da na so in bincika ke nan: mene ne ke riƙe wannan bashin? In mace ta cinye kuɗin me ake yi mata? In albasa ta ruɓe kafin a sayar, asarar a wuyan wa take?

Da na kai maganar makaranta aka ce babu abin aunawa a ciki. Aka juya taken ya koma tasirin samun bashi ga bunƙasar ƙananan sana'o'i, aka ce in tsara takardar tambayoyi in raba wa mutum 384, kowace tambaya da zaɓi biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", in zuba a SPSS, manhajar lissafin alƙaluma ta kwamfuta. Sati uku ina zagaya kasuwa. Wata ta ce jarinta miliyan talatin, na rubuta 30,000,000, sai da na dawo gida Mma ta ce sidi 3,000 take nufi, da tsohon kuɗi take lissafi, na kafin a cire sifiri huɗu daga sidi. Na koma kan sauran takardun, na kasa gane wa ya ba ni amsa da tsohon kuɗi, wa ya ba ni da sabo. Yanzu ina riƙe da takardu sama da 200 waɗanda ni kaina ban yarda da su ba, tambayar da ta kai ni kuwa ko kusa da ita ban je ba. Simesta guda muka yi a darasin dabarun bincike, hanya ɗaya tak aka nuna mana. Haka abin yake ko'ina ne? Babu wata hanyar da ake karɓa?

Ɗan Sawaba: Wa alaikumus salam. Haka yake ƙanwata. Bara muka gama. Mu biyar ne a rukuninmu, takardun da mutanen gaske suka cika ba su kai 200 ba, sauran a ɗakin kwana aka cike su. Na ce ba daidai ba ne amma ban hana ba, har yau abin yana cina. Lissafi ya fito tsaf, aka ba mu maki, ba wanda ya tambaye mu ko mun taka kasuwar.

Malam Sani: Ni nake koyar da wannan darasin a inda nake aiki, bari in faɗi abin da ke gefenmu. Ajina ya haura ɗalibi 300. In lokacin kundi ya zo, malami ɗaya ne zai duba rukuni-rukuni masu yawa, ga koyarwa, ga gyaran jarrabawa. Takardar tambayoyi tana da sauƙin dubawa: ka buɗe babi na uku, ka ga an kawo yawan mutane, ka ga ma'aunin Cronbach, mai nuna ko amsoshin sun dace da juna, ya haura 0.7, ka ga p, mai nuna ko sakamakon katari ne kawai, ta gaza 0.05, ka sa hannu. Wanda ya kawo maka hira da mutum ashirin kuwa, sai ka zauna ka karanta ta shafi-shafi kafin ka san ko aikin kirki ya yi. Yawancinmu kuma da wannan hanyar aka yaye mu, ita muka iya, ita muke miƙawa.

Amma 'yata, ki san asalin 384 ɗin nan. Daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya fito, kuma sharaɗinsa a fitar da mutanen ta hanyar ƙuri'a daga cikin jama'ar da ake bincike a kanta. In kina tare duk wadda kika ci karo da ita a bakin rumfa, ko dubu kika tara, wannan lissafin bai hau kansu ba. Muna faɗin haka a aji, in an zo aiki kuma mu ne farkon kau da kai. Wannan laifin namu ne.

Ustaz Bashir: Ni harshen ne ma ya fi damuna. Wannan zaɓi biyar ɗin, wani masani mai suna Likert ne ya fito da shi a Amurka a 1932, kuma a kan ɗaliban jami'a masu karanta tambaya da kansu ya gwada shi. A nan ke za ki karanta da Turanci, ki juya a ranki zuwa Hausa ko Tonanci (yaren Asante) ko Zabarmanci, kina tsaye, ana ciniki. Abokin aikinki shi ma ya juya ta yadda ya ga dama. To tambaya ɗaya kuka yi ko biyu? Sannan ɗan kasuwarmu in kika ce yaya kasuwa, "alhamdulillahi" zai ce ko da ya kwana uku bai sayar da komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, tarbiyyarsa ke nan. A wane akwati cikin biyar ɗin za a sa wannan amsar?

Rabi Aboabo: Ustaz, wallahi a "na yarda" na riƙa sawa, don ban san inda zan kai ta ba.

Zainab Nima: Ku dakata kaɗan, kada fushi da takarda ya sa a zubar da lissafi. Ni aikina ke nan a Ankara (Accra), babban birnin Ghana, nazarin alƙaluman bashi a wani banki. Abin da na gani a wurin sababbin ma'aikata ba yawan lissafi ba ne, ƙarancinsa ne. Yaro ya iya danna SPSS, amma ka ba shi bayanan gaske masu datti, da gurabe a buɗe, da mutum ɗaya an shigar da shi sau uku, sai ya tsaya. Kuskuren miliyan talatin da ya faru da Rabi, wanda aka koya wa zana alƙalumansa ya dube su kafin komai zai kama shi cikin minti biyar. Tun watan Yuli na 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuma duk wanda ya taɓa tattara bayanai a kasuwannin ƙasar nan ya san dole ka tambaya, "tsoho ko sabo?"

Tsorona shi ne a ce an faɗaɗa, sai kowa ya je ya yi hira da gwaggonsa da maƙwabcinsa ya kira shi bincike. Wancan ma cika takarda ne a ɗaki, kaya kawai aka canza masa. In faɗaɗawa za a yi, a fara da bayanan da ke ajiye ba mai taɓawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana tana da ƙidayar 2021, tana da ƙidayar wuraren sana'a, tana da binciken rayuwar iyalai. Babban Banki yana fitar da alƙaluman hada-hadar kuɗin waya. An sa harajin tura kuɗi ta waya, wato e-levy, kashi 1.5 cikin ɗari a Mayun 2022, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Sau uku aka motsa farashi a gaban idonmu. Ɗalibin kasuwanci nawa ne aka ce ya je ya duba yadda mutane suka canza hali a kowane mataki?

Mustapha: Yaya Zainab, ban ƙi maganarki ba, amma hirar da kike raina ba ita ake nufi ba. A unguwarku ma aka yi abin da zan kawo. Wani mai bincike, Keith Hart, ya zauna a unguwar Nima ta Ankara daga 1965 zuwa 1968 cikin 'yan ƙabilar Frafra da suka zo daga arewa. A lissafin hukuma yawancinsu marasa aikin yi ne. Shi da ya zauna da su sai ya ga kowa da abin da yake juyawa, wannan dillanci, wancan ɗinki, wancan ba da bashi. Rubutunsa na 1973 na cikin tushen abin da duniya ke kira yanzu tattalin arzikin da ba ya cikin rajista, wanda ake karantar da mu a aji kamar daga sama ya faɗo. Da takarda ya raba mai tambayar "kana da aiki ko ba ka da shi", da amsar hukuma zai sake samu.

A nan Kumasi ma, Polly Hill ta rubuta a 1966 a kan maigida da dillali a cinikin shanu, wato tsarin da baban Rabi ke ciki. Gracia Clark ta fara zama a babbar kasuwar Kumasi tun 1978, littafinta na 1994 sunansa ma daga bakin wata mai albasa ta ɗauko shi, wadda ta ce albasa ce mijinta. Baƙi sun ƙetaro teku, sun koyi harshe, sun yi shekaru kafin a saba da su. Rabi an haife ta a ciki, tana jin Hausa, tana jin Tonanci, an san gidansu, sai a ce mata abin da take gani ba ya aunuwa. Da ɗan gari akan ci gari, mu kuma namu 'yan garin muke ɗaure wa hannu.

Zainab Nima: Shekara uku ka ce Hart ya yi, ƙanena. Rabi wata nawa gare ta? Sannan zama ɗan gida takobi ne mai kaifi biyu. Matar da babanta ke bi bashi za ta faɗa mata gaskiya a kan babanta?

Mustapha: Wannan tambayar ai ita ce darasin da ya kamata a koyar. Yadda za ka zaɓi waɗanda za ka yi hira da su har da waɗanda ba sa ga-maciji da gidanku, yadda za ka rubuta abin da ka gani a ranar kafin ka kwanta, yadda za ka gwada maganar maigida da ta direba da ta mai saye, yadda za ka nemi labarin da ya karya abin da ka fara zato. Duk wannan sana'a ce mai ƙa'ida. Ba a koya ba ne ya sa ta zama hira da gwaggo.

Ibrahim Tafo: Ni dai tambayata ɗaya. Wanda ya gama, ya yi bautar ƙasa, yana neman aiki, wa zai ɗauke shi don ya iya zama a kasuwa? Excel ake tambaya. Kada mu sa yara a hanyar da ba ta kai su ga abinci.

Zainab Nima: Ibrahim, a nan kam ba na tare da kai. Ranar da alƙaluma suka nuna mana mata a wani reshe sun daina biya a kan lokaci, kwamfuta ba ta faɗa mana dalili ba. Sai da aka tura mutum ya je ya zauna da su, ya dawo ya ce ranar karɓar kuɗinmu ta faɗo kafin ranar da kayansu ke isowa. Mai iya wannan zaman muna nemansa, ba mu cika samu ba.

Maman Hafsa: Na karanta wa Hajiyarmu duk abin da kuka rubuta, shekararta sama da talatin tana sayar da atamfa. Ga amsarta, yadda ta faɗa na rubuta:

"Ku gaya wa yarinyar nan kada ta ga laifinmu. Duk shekara yara na zuwa da takarda, nawa kike samu, nawa ne jarinki, kina bin bashi ko ana binki. Ni mijina ma bai san jarina ba, sai in faɗa wa wanda ban san uwarsa ba a gaban maƙwabciyata? Ina na san ba 'yan haraji suka turo shi ba? Masu ƙananan bankunan nan ma da takarda da fara'a suka zo mana, da aka rufe su mun ga yadda mutane suka yi ta safa da marwa a kan kuɗinsu. To in yaro ya matsa sai in ba shi wani adadi ya tafi. Kuma ko ɗaya bai taɓa dawowa ya ce Hajiya ga abin da muka gano ba. Wanda zai zo ya zauna, ya taya ni ninke zane, ya ga wa nake ba bashi wa nake hanawa, cikin sati biyu zai san abin da ban iya faɗa da baki."

Malam Sani: Allah ya saka wa Hajiya da alheri, a gaishe ta. Abin da take nufi ya faru, a ƙarshen Mayun 2019 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin ba da ƙananan basussuka 347 a rana ɗaya. Wanda ya shiga kasuwa da biro bayan wannan bai san da shi ba, bai san inda ya shiga ba. Maganar sirri kuma doka ce, akwai Dokar Kare Bayanai ta 2012, amma ɗalibai na karɓar lambar waya da adadin jarin mutane su bar takardun a ko'ina. Sakin layi ɗaya muke sa su rubuta cewa an kiyaye amana, shi ke nan.

Alhaji Ɗanjuma: Salamu alaikum. Ban yi boko mai zurfi ba, jikana ne ya sa ni a zauren nan, amma na tashi a gidan saukar fataken shanu. Rabi, 'yata, tambayarki tana da amsa, kuma ba a rumfa take ba, a zaure take. Baƙo in ya kawo kaya daga arewa bai san kowa ba. Gidan maigida zai sauka, nan zai ci, nan zai kwana, nan zai ajiye kuɗinsa. Dillalin maigida ne zai nemo mai saye, ya karɓi la'adarsa. In an ba da kaya bashi, maigida ne ya tsaya lamuni. Mai saye ya gudu, maigida zai biya daga aljihunsa, don in bai biya ba labari zai riga shi isa arewa, baɗi ba mai sauka gidansa. Shi ya sa maigida ya san wa ya yi aure kwanan nan, wa ke jinya, wa ya fara caca. Wanda ya ci kuɗi kuma ba kotu ake fara kai shi ba. A kira shi gaban manya, in ya ƙi a sanar da sauran masu gida, ya wayi gari ba mai ba shi ko akuya. Tun zamanin fataucin goro na Gwanja, ana sauka Salaga, haka kakanninmu ke yi. Abin da ban sani ba, kuma nake so mai ilimi ya duba mini, shi ne yanzu da waya ta zo, mai kaya na iya magana da mai saye kai tsaye a tura kuɗi ta MoMo, wato asusun waya, shin maigida zai ɗore?

Mustapha: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wannan tambayar taku ta ƙarshe ta isa kundin digiri na uku.

Zainab Nima: Ta isa, kuma ita ma sai da ƙirga. Mota nawa ta bi ta hannun maigida bana, nawa ta tsallake shi? Bari in ƙara misali ɗaya don kada a ce gwaji sai Turai. A Ankara da Tema an yi bincike da masu ƙananan sana'o'i kusan 800. Aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su sidi 150 a hannu, wasu aka saya musu kayan sana'a na sidi 150, wasu ba a ba su komai ba, aka bi su ana duba riba. A wajen mata, kuɗin hannu bai motsa riba sosai ba, kayan ne suka motsa ta, musamman ga waɗanda sana'arsu ta riga ta ɗan kafu. An buga sakamakon a 2014. Ka tambayi matan nan a takarda "jari zai ƙara miki riba?", kowacce "na yarda ƙwarai" za ta ce. Ɗalibi ba shi da kuɗin raba jari, na sani, amma yana iya haɗa kai da mai shago ɗaya su gwada farashi biyu ko jeren kaya iri biyu na wata guda.

Ustaz Bashir: Ku ƙara da littattafan bashi. Masu shago da yawa a Aboabo da Asawase suna da littafin da suke rubuta wa ya ɗauka wa ya biya, wasu da ajami. Masu karɓar susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum, su ma kowa da katinsa, ana zuba kullum, na rana ɗaya a wata ya zama ladan mai karɓa. Wannan rubutu ne da ba don mai bincike aka yi shi ba, ba a gyara shi don a burge kowa ba.

Malam Sani: Na ji duka. Ba ni da ikon canza manhaja ni kaɗai, sai ta bi kwamiti, amma yadda nake tafiyar da makonnin ajina a hannuna yake. Abin da nake tunani a simesta mai zuwa: sati ukun farko ba wanda zai rubuta takardar tambayoyi. Kowane rukuni ya zaɓi wuri, kasuwar Kejetia ko unguwar makanikai ta Suame Magazine ko tashar mota, su nemi izini, su zauna, su kawo mini abin da suka gani da tambaya guda da ta dame su. Sai mu zauna a aji mu ga wace tambaya ce ke son ƙirga, wacce ke son hira, wacce ke son gwaji, wacce amsarta na cikin bayanan da ke ajiye. Inda na tsaya shi ne gyara. Rahoto sittin na gani da ido, ni kaɗai, ban san yadda zan yi masa adalci ba. Sannan mai duba kundi daga waje in bai ga jadawalin SPSS ba zai iya rage wa yaro maki, yaron ne zai kwana a ciki, ba ni ba.

Ibrahim Tafo: To ka gani Malam. Abin da nake gudu ke nan.

Mustapha: Malam, mu da muka gama muna da yawa a zauren nan. In za ka ba mu ma'aunin gyara a rubuce, ni zan ɗauki rahoto goma in karanta in yi sharhi, makin kai za ka sa.

Zainab Nima: Ni kuma zan ba da Asabar biyu ta intanet a kan tsabtace bayanai. Amma da sharaɗi, bayanan gaske za a kawo, ba na misali a littafi ba.

Rabi Aboabo: Na gode ƙwarai iyayena. Sati bakwai ya rage mini, ba zan iya rushe komai ba. Gobe zan koma wurin malamin da ke duba aikina in roƙe shi abu biyu: in cire tambayar jari gaba ɗaya tunda ta lalace, in kuma ƙara babi na hira da mutum goma sha biyu, masu gida da direbobi da mata masu ɗauka, rabinsu waɗanda ba sa hulɗa da babana, saboda maganar Yaya Zainab. In ya ƙi zan yi yadda ya ce in gama, amma hirar zan yi ta ko don kaina. Baba Alhaji, in kun ba ni izini da ku zan fara.

Alhaji Ɗanjuma: Ki zo bayan la'asar ranar Alhamis, babanki ya san gidan. Ki gaishe shi.

Maman Hafsa: Hajiya ta ce in kin gama ki zo ki faɗa mata abin da kika samu, da Hausa.

Malam Sani: Rabi, takardun nan 200 kada ki zubar. In kin yarda ina son kwafin shafin jarin, in nuna wa 'yan aji su nemo da kansu wanne ne tsohon kuɗi wanne ne sabo.

Rabi Aboabo: To Malam. Akwai lambobin waya a saman wasu, bari in bi su ɗaya-ɗaya in goge tukuna, zan kawo ranar Litinin in sha Allahu.